Ɗaga tsohuwar mota ta yi sama: tambayoyi da amsoshi ga masu Peugeot 504 da sa'o'inta

Yawancin masu zuwa da maganar ɗaga mota ba gayu suke nema ba, hanya ce ta ishe su. Wani salansa ce kullum take gogar tudun rage gudu na unguwarsu, wani kuma garinsu ne da damina ta sauka sai burji ya koma kwazazzabo, kana tafiya cikin motar yana kartar ƙasa kana jin abin har cikin ranka. Na fi yin magana a kan 504 don ita ce tsohuwar motar da muka fi sani, ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya yi ta haɗa ta har bayan shekarar 2000 alhali can Faransa sun daina salun ɗinta tun 1983. Amma yawancin bayanin ya shafi 404 da 505 su ma, Mercedes da Beetle ma akwai nasu a ƙasa.

Motata ta zauna sosai, me zan fara sakawa don ta tashi?

Kar ka fara da saka komai ɗan'uwa, fara da awo. Motar da ta shekara talatin ko arba'in tana ɗaukar lodi ai dole sifirin ɗinta ya gaji, mafi yawan motocin da ake cewa a ɗaga su ba ɗagawa suke buƙata ba, a mayar da su tsayin da kamfani ya yi su kawai suke so, kuma 504 a tsayinta na asali ba gajeriyar mota bace.

Ka ajiye ta a fili mai daidai, a gwada iskar tayoyi huɗun, a kwashe tarkacen but, sai ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen fenda a kowace ƙafa ka rubuta a takarda. Daga tsakiyar rim na ce ba daga ƙasa ba, don kada girman taya ya shiga lissafin. In hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita ɗaya akwai magana. Sai a ɗaga ta a leƙa gindin koyil sifirin ɗin, wajen da yake zaune a cikin kwanonsa, nan ne laka take taruwa ta bushe ta riƙe ruwa, sau da yawa in ka kankare da sukudireba sai kaga zagayen ƙarshe ya karye tuntuni guntun yana kwance a cikin tsatsa, robar da yake zaune a kai kuma ta lotse ta zama kamar takarda. Sabon sifirin da sabuwar roba kaɗai suna dawo da tsayin da zai baka mamaki.

In na sa sabon shokazoba zata tashi?

A'a. Sifirin ne yake ɗauke da nauyin mota, shi shokazoba aikinsa ya hana ta yin rawa bayan ta faɗa rami. Mai gas ɗin yakan ɗan tura ta sama kaɗan amma ba abin da zaka gani da ido daga nesa ba. In naka ya mutu ka canza shi don ya mutu, kar ka saye shi da niyyar ƙarin tsayi.

Wai gaskiya ne taya ta fi komai sauƙi?

Gaskiya ne, kuma da ita nake so kowa ya fara bayan an gyara sifirin. Yawancin 504 da suke kan hanya yanzu an saka musu tayar da aka samu a kasuwa ne, irin 185/70 R14, wadda tsayinta gaba ɗaya wajen milimita 615 ne. In ka koma 185 R14, wato mai dogon gefe ɗin nan, tsayinta ya kai wajen 650, rabin bambancin shi ne abin da motar zata tashi, kusan santimita biyu kenan ba tare da an kwance ko noti ɗaya a ƙafar motar ba.

Sai dai akwai abin lura. Sifidomita zata riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi da wajen kashi 6 cikin ɗari in an kwatanta da waccan tayar, motar kuma zata ɗan yi nauyin tashi a giya ta ɗaya. Wadda aka rubuta C a ƙarshen lambarta ta motocin kaya ce, gefenta yana da tauri, ga fikof da wagon mai lodi daidai ne amma a salun zaka ji gargada fiye da da. Kafin ka biya kuɗi a ɗaura guda ɗaya a gaba a murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka zura hannu ka ji ko tana kusa da kwanon sifirin ko cikin fenda. Ka duba lambobi huɗun nan na gefen taya kuma, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, don irin waɗannan sayiz ɗin suna daɗewa a shago.

To har inci nawa zan iya ɗaga ta ba matsala?

A ganina inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan tsayin asali, wato santimita biyu da rabi zuwa huɗu. Inci biyu ka kai bakin iyaka, daga nan kuma wani aikin ne daban.

Dalilin kuwa shi ne abin da mutane basa dubawa. Ƙafar mota hanya biyu take motsi, tana hawa sama in ta taka tudu, tana kuma sauka ƙasa in ta zo rami don ta bi ramin taya bata rabu da ƙasa ba. Tsawon shokazoba ne yake yanke iyakar wannan saukar. Duk santimitan da ka ƙara ta hanyar matse sifirin daga cikin wancan rabon na sauka ka ciro shi, in ka cinye shi duka sai motar ta zama kamar mutumin da ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa aka ce ya yi gudu a kunyar gona, ba sauran inda ƙafar zata miƙa. Daga nan ne zaka fara jin ƙau ƙau duk sanda ka sauko daga tudu, shokazoba ne yake kaiwa ƙarshe yana dukan kansa, taya tana barin ƙasa na ɗan lokaci, kuma tayar da take iska bata birki bata kwana.

Abin da yake damuna kenan in naga an cika wa 504 tsayi, domin abin da ya sa ta yi suna a Afirka ai wannan doguwar ƙafar ce mai laushi, da ita direbobin tasha suke bin gargada a guje fasinja yana barci a baya. In ka kashe wannan don cikin mota ya ƙara nisa da ƙasa wallahi ka yi asarar abin da ya fi tsada a jikinta.

Tsakanin sifesa da dogon sifirin wanne ya fi?

Kowanne da wurinsa. A gaban 504 sifirin da shokazoba a haɗe suke abu ɗaya, irin wanda ake kira MacPherson. In aka sa sifesa, wato faifan da ake cusawa don ƙarin tsayi, a can sama tsakanin kan shokazoba da bodi, ƙafar gaba ɗaya ce take sauka, motsin shokazoba yana nan yadda yake, kuma kaurin sifesan kusan shi ne tsayin da zaka samu. Matsalarsa lowa am da tayrod suna karkata, bol-joyin yana aiki kusa da ƙarshen juyinsa, shi ya sa ba a cika masa kauri. Dole kuma a sa dogayen kusoshi masu ƙarfi, ba wai noti ya kama zare biyu a ce ya isa ba. Mai tana zai iya fere maka shi da alminiyam ko ƙarfe, biyun su zama kauri ɗaya cif.

In kuma a ƙarƙashin sifirin aka sa shi, ko aka kawo sifirin da ya fi tsawo, to nan ne ake cin rabon saukar da na faɗa, sai an nemo shokazoba mai ɗan tsawo ya tafi da shi.

Bayan salun kuma lissafinsa daban. In salun ɗinka irin wadda kowace ƙafa zaman kanta take a kan hannunta ce (wasu samfuran, irin 504 L, aksil ɗinsu miƙaƙƙe ne), sifirin yana zaune ne tsakanin mahaɗar hannun da taya, don haka sifesa mai santimita biyu zai ɗaga motar fiye da santimita biyu. Bakaniken da bai san wannan ba sai ya sa kauri ɗaya gaba da baya, a sauke mota kaga bayanta ya yi tsalle sama, tayoyin baya sun buɗe ta sama sun tsuke ta ƙasa, shaf ɗin da ke kai musu ƙarfi ya karkace yana yaga robarsa. Fara da siriri, a sauke, a zaga da ita unguwa ta zauna, a sake awo.

Bakanikena ya ce zai cusa roba tsakanin zagayen sifirin, wani kuma ya ce a gasa shi a ja shi. Ya kake gani?

Robar nan da ake yankowa daga tsohuwar taya a buga da guduma tana ɗaga mota kam, amma ta hanyar kashe zagaye ɗaya ko biyu ne, ragowar su ɗauki duk wahalar, sifirin ya yi tauri kuma a nan kusa da robar yake karyewa. In kana hanya ne lodi ya danne ka kana so ka isa gida, to, amma ba abin zama da shi bane.

Gasawa kuwa dan Allah kar ka yarda. Ƙarfen sifirin da wuta aka ƙera shi a kan wani ma'auni, da ka sa masa wutar walda ya yi ja ƙarfinsa ya tafi, zai tsaya da tsawo ranar farko, bayan sati kaɗan ya zauna fiye da da ko ya ɓalle. Haka yanka shokazoba a ƙara masa guntun bututu da walda, a gaban 504 wannan bututun shi ne yake riƙe da tayar kanta, in waldar ta saki a kan gudu ba ƙarar gargaɗi zaka ji ba.

Tawa wagon ce, ta ƙanina kuma fikof, duk ɗaya ne da salun?

Ba ɗaya bane. Su aksil ɗin bayansu sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya, wagon tana zaune a kan koyil huɗu, biyu kowane gefe, fikof kuma a kan lif sifirin. Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne komai ka yi wa sifirin bodi kawai kake ɗagawa, tulun aksil ɗin nan na tsakiya yana nan inda yake, taya ce kaɗai take ɗaga shi. A salun da ƙafafunta suke zaman kansu kuwa tulun a jikin motar yake ɗaure, yana tashi tare da ita. Don haka mai wagon da tsakiyar hanya take taɓa masa aksil maganinsa yana wajen mai taya.

A wagon in za a canza koyil a canza huɗun tare. A fikof ana ƙara ganye ɗaya a cikin lif ɗin, yana ɗaga ta kuma yana ƙara mata ƙarfin lodi amma in babu kaya zata riƙa tsalle. Ana sake lanƙwasa ganyayyakin a sanyi, yana yi, sai dai da sannu suke komawa. Dogon shakul ma, wato ƙarfen da yake rataye ƙarshen lif a jikin mota, ana sawa, shi kuma wajen rabin tsawon da ka ƙara ne kawai yake zama tsayi, in ya yi yawa bayan motar ya riƙa lilo a kwana. Masu cewa a sa bulok tsakanin aksil da lif su leƙa tukuna, in lif ɗin a ƙarƙashin aksil ya bi, bulok sauke mota yake yi. Kuma duk sanda aka kwance yu-bol, kusar da take ɗaure lif da aksil, a sa sabo.

Bayan an ɗaga, me kuma ya rage?

Nan ne ake yawan yin sakaci, an ga mota ta tashi an yi murna an tafi.

Tiyon birki shi ne na farko. A ɗaga motar tayoyi su rataye gaba ɗaya, a murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka kama tiyon da hannu, in ya miƙe tsaf ba sauran lanƙwasa to gajere ne a nemo mai tsawo. Ka lanƙwasa shi da yatsa ma ka duba, tsohon tiyo zaka ga ƙananan tsaga sun buɗe a jikin robar. Wayar hanbirki ita ma haka.

Sai wani ɗan bawul da ke ƙarƙashin bayan 504 da 505, wanda yake auna yadda bayan motar ya zauna ya raba ƙarfin birki, in an yi lodi ya ƙara wa tayoyin baya in babu ya rage. Da ka ɗaga mota shi a wajensa ko yaushe babu kaya, ko da mutum biyar ne a ciki da buhu a but, sai birkin gaba ya riƙa aikin shi kaɗai. Dole a sake saita shi a kan sabon tsayin. Wasu cire shi suke yi su haɗa layin kai tsaye, wannan kuma yana sa tayoyin baya su kulle kafin na gaba, motar ta juya da kai a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Bushin ɗin roba na hannuwan ƙafa a sassauta su a sake ɗaurewa lokacin da motar take tsaye a kan tayoyinta, in aka ɗaure su tana rataye a murɗe zasu zauna su yage da wuri. Daga nan sai alayimen, ba fashi, in ba haka ba sabuwar tayar da ka saya gefe ɗaya zata cinye. A ƙarshe a saita fitilun gaba don kar ka riƙa kashe wa masu tahowa ido.

Ni Mercedes W123 gare ni, 200 ko 230 ɗin nan, fa?

Kai ka huta, kamfanin da kansa ya yi robar saman sifirin kauri daban daban, ana gane su da 'yan ƙulle ƙullen da ke bakin robar, a gaba daga ɗaya zuwa huɗu, mai ɗaya milimita 8 mai huɗu 23. Ka leƙa ka ƙirga naka, in mai ɗaya ne ko biyu ka koma mai kauri, kuma saboda sifirin yana can ciki a kan hannun ƙafar abin da motar zata tashi ya fi bambancin robar. Wagon ɗinta kuwa bayanta da mai yake daidaita tsayinsa, in ya zauna a duba famfo da bawul da yoyon mai kafin a zargi sifirin.

Beetle fa, naga bata da koyil ko ɗaya?

Ita da sandar ƙarfe mai murɗawa take aiki. A baya ana zare sandar ne a juya ta a kan haƙoranta, cikin yana da haƙori 40 wajen yana da 44, shi ya sa in ka juya ɗaya gaba ɗaya baya kake samun ƙaramin canji da bai kai digiri ɗaya ba. A yi alama da fenti kafin a zare, in ba haka ba yini guda za a yi ana neman inda take. Tsofaffin da shaf ɗinsu yake lilo daga giyabos basa son tsayi sam, tayoyin baya suna shigewa ciki ta ƙasa, a kwana mai gudu tayar waje tana iya naɗewa ƙarƙashin motar. Kaɗan ya isa.

Zata ƙara shan mai? Tuƙin zai canza?

Man zai ɗan ƙaru musamman in taya ta yi girma da nauyi. Tuƙi kam zai canza, nauyin motar ya hau sama, zata fi kwanciya a kwana kuma in ka kauce wa akuya ba shiri zaka ji bambancin. Mai ɗora kaya a kan kariya ya fi kowa bukatar kiyayewa. Kar a cire sitabilaiza, sandar da take rage wa mota kwanciya a kwana, don wai ƙafa ta sake.

Amma ai naga hotunan 504 na tsere sun yi sama sosai?

Sun yi, 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 da Ove Andersson, ta sake ci a 1978 da Jean-Pierre Nicolas a samfurin mai ƙofa biyu da injin V6. Akwai kuma kamfanin Dangel a Faransa da ya riƙa mayar da wagon da fikof masu jan ƙafa huɗu, su ne dogayen nan da kake gani. Waɗannan ba sifesa aka cusa musu ba, ƙafar aka sake tsarawa da shokazoba da ƙarfafa bodi. Abin da zaka iya ɗauka daga wajensu cikin sauƙi shi ne farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin da zai kare botom filet, wato kwanon baƙin mai, a bar masa tazara kaɗan da ramin juye baƙin mai. A kuma sa mai walda ya matsar da salansa ta lafe da cikin motar, don sau da yawa ita kaɗai ce take ratayowa tana jawo duk wannan magana.

Zan iya yi da kaina a gida?

Awo da duba taya da tiyo zaka iya. Cire koyil sifirin kuwa sai da abin matse shi na gaskiya, ba igiya ko waya ba, ƙarfin da ke cikin matsattsen sifirin ya isa ya karya hannu ko fuska, na gaban Mercedes ɗin nan ma ya fi kowanne haɗari don dogo ne sosai, yana da nasa abin matsewa da ake zurawa ta tsakiya. Kar kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ko kan bulon siminti. A duba wajen da kan shokazoba yake ɗaure a bodi ma, in tsatsa ta ci shi sai fanbita ya fara gyarawa kafin a ɗora masa sifesa.

A ina zan samu sifirin, kuma ta ya zan gane mai kyau?

Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ba a rasa kayan Peugeot, na hannu da sabo. Ka tafi da naka tsohon a hannu. A tsayar da su a ƙasa gefe da gefe, a ƙirga zagaye, a auna kaurin ƙarfen da faɗin bakin, a ga ko ƙarshensa zai zauna daidai a kwanon, don kaurin ƙarfe ko milimita ɗaya ya ƙaru taurin yana ƙaruwa sosai. Sabon baƙin fenti ba shaida bace, ka kankara da farce ko makulli ka ga ko akwai ramukan tsatsa a ƙasa. Biyu biyu ake saye, hagu da dama tsawo ɗaya, ka kuma yi sharaɗi da mai shagon cewa in an ɗaura bai yi ba zaka dawo da shi. Na asalin da aka cire in basu karye ba a shafa musu baƙin mai a ɗaure a buhu a ajiye, mai neman tsohuwar 504 don ya adana yakan tambaye su kafin ya yi tayi.